Mangalar Ƙarfe: Yadda Muka Ƙera Wa Tarakta Akwatin Juye Taki

A ƙarshen ranin bara, lokacin da manoma ke haramar kai taki gona kafin saukar ruwan farko, baffana ya kira ni a waya daga ƙauye. Bayan gaisuwa da tambayar iyali sai ya ce, "Malam, wai ku da ake ce wa injiniyoyin noma, me kuke ƙerawa ne a jami'ar nan taku?" Na san halin baffa, in ya buɗe magana da irin wannan zolaya to akwai abin da ke biye da ita. Ashe ƙungiyar manoman garinmu ce ta sa wani mai walda ya haɗa mata akwatin ƙarfe da za a riƙa rataya wa taraktarta a baya, a loda masa taki ko yashi, in an isa wurin saukewa direba ya ja liba akwatin ya juye kayan da kansa kamar tifa. An kashe kuɗi, an gama aiki, har fenti an shafa. Ranar gwaji aka cika shi da yashi a bakin rafi, direba ya ɗaga, ya sa giya zai haura tudu, sai tayoyin gaba suka rabu da ƙasa. Ya murɗa sitiyari, tarakta ta ƙi bin sa. Allah ya kiyaye, gindin akwatin ya dafe ƙasa ya tokare ta. Da aka lallaɓa aka zo juyewa kuma, wata gwiwar bututu ta tsage, mai ya yi tsartuwa, yaron mai waldar ya kai babban yatsa zai toshe, direban ya yi maza ya buge masa hannu.

Na tafi ƙauyen a ƙarshen makon, na kuma shafe Asabar uku a jere a rumfar mai waldar har muka sake aikin. Abin da na gani a can ne ya sa na ɗauki alƙalami. Masu waldarmu sun isa su ƙera wannan akwati, ya ma kamata su ƙera shi da yawa, domin ƙauyukanmu na bukatarsa. Sai dai duk abin da ke aiki da matsin mai yana da lissafin da ido ba ya gani, kuma wannan lissafi yana nan kulle a durowar irinmu malaman jami'a, cikin Turanci, ba mu taɓa kai shi bakin rumfa ba. In za a raba laifin yatsan da ya kusa salwanta bisa adalci, kaso mafi tsoka namu ne.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin abin da ya sa manoman suka nemi akwatin. Tarakta a ƙasarmu ma'aikaciyar 'yan makonni ce. Da ruwa ya sauka sai a yi ta rububinta, wannan na son haro wancan na son rija, direba ya kwana a daji. Da an gama shuka sai a kai ta gindin bishiya a ajiye, rana ta yi ta cin tayoyinta har wata daminar. Alhali aikin da ya fi cin ƙarfin mutumin ƙauye da rani shi ne jigila: taki daga turke zuwa gona, jan ƙasa domin yaɓe, yashi domin buga bulo, marmara domin cike ramukan hanya kafin ruwa ya yanke gari daga kasuwa. Duk wanda ya tashi a karkarar Kano ko Katsina ko Zazzau ya san jerin gwanon jakuna da mangala da sassafe. Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa ɗan Ingila da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya nazarci gonakin kewayen birnin Kano tun cikin shekarun 1960, ya kuma nuna cewa takin gida da sharar birni da jakuna ke kaiwa suna cikin manyan dalilan da suka sa ake noma waɗannan gonaki shekara da shekaru ba tare da an hutar da su ba. Yau jakin ya yi tsada ya kuma yi ƙaranci, saboda cinikin fatarsa da ake fitarwa zuwa ƙasar Sin, har ta kai Tarayyar Afirka ta amince da hana yanka jakuna domin fata a taronta na watan Fabrairun 2024. Takin zamani kuwa, tun da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, ga kuma faɗuwar darajar naira, ya fi ƙarfin ƙaramin manomi, dole ya waiwayi takin turke. Ga taki a gida, ga gona tana jira, abin ɗauka ne babu.

Tirela ta tarakta tana biyan wannan bukata, amma tana son tayoyi da shasi da kuɗi masu kauri, ba ta kuma iya juyawa a lungun gari. Akwatin da ake ratayawa ba shi da taya ko ɗaya. Duk inda tarakta ta shiga da baya shi ma ya shiga, a sauke shi ƙasa da gwiwa, mai shebur ya loda ba tare da ya ɗaga hannu sama da kafaɗa ba.

Ita ma taraktar an ƙera ta ne da niyyar a rataya mata irin wannan. Taraktocin farko jan garma suke yi kamar yadda shanu ke ja, in garma ta ci karo da dutse ko saiwa sai tarakta ta miƙe tsaye ta kife ta baya a kan direba, an kuma yi asarar rayuka da dama ta haka. Harry Ferguson, ɗan wani manomi daga arewacin Ayilan, shi ya daɗe yana neman mafita, ya yi rajistar dabararsa a 1926, ta kuma bunƙasa zuwa hannuwa ukun nan da muke gani a bayan kowace tarakta: biyu a ƙasa waɗanda matsin mai ke ɗagawa, ɗaya a sama mai tokarewa. A 1938 ya ƙulla yarjejeniya da Henry Ford na Amurka da musafaha kawai, babu takarda, a shekarar da ta biyo aka fara sayar da taraktarsu. A 1946 ya fara fitar da tasa ƙaramar tarakta mai launin toka a Ingila, a 1953 kamfaninsa ya haɗe da Massey-Harris na Kanada, daga nan aka sami sunan Massey Ferguson da kowane yaro a ƙauye ya sani. Kamfanin Ferguson bai tsaya ga sayar da tarakta ba, ya haɗa da tarin kayan aikin da ake maƙala mata, ciki har da akwatin ɗaukar kaya da tirela mai juyewa, kuma har gobe ƙananan manoman Ayilan da akwatin suke zirga-zirga tsakanin gida da makiyaya. Taraktar garinmu samfurin 375 ce, irin wadda kamfanin Millat ke haɗawa a Pakistan, jikar waccan mai launin toka.

To, ina aka kuskure? Na sami mai waldar mutum ne mai hannu, ya haura shekara 20 yana sana'ar, ƙofofinsa da tankunansa ba su da na biyu a yankin. Da na tambaye shi dalilin da ya sa ya ɗauko silindar tsohuwar tifa daga wurin 'yan gwangwan ya ɗaura wa akwatin da bai fi gadon yaro girma ba, sai ya ce, "Dakta, ai gara ƙarfi ya yi yawa da a ce ya gaza." A aikin ƙofa da taga maganarsa gaskiya ce, wanda ya sa ƙarfe mai kauri bai yi asarar komai ba sai kuɗi. A aikin haidurolik kuwa wannan tunani ne ya lalata masa aiki.

Ka'idar tsohuwa ce. Blaise Pascal, masanin lissafi ɗan Faransa na ƙarni na 17, shi ya bayyana cewa in aka matsa ruwa a cikin rufaffen mazubi, matsin yana isa kowane lungu na mazubin daidai wa daida. A 1795 Joseph Bramah ya mayar da wannan ka'ida injin matsa kaya a Ingila, kuma jak ɗin da muke ɗaga mota da shi a kanta yake aiki. Ƙarfin da silinda ke bayarwa shi ne matsin mai a ninka shi da faɗin fuskar fistan da man ke turawa. Ana auna matsin da ma'aunin da ake kira bar, bar ɗaya kusan nauyin kilo ɗaya ne a kan kowane murabba'in santimita. Iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota ba ta cika wuce bar 2 da rabi ba. Famfon tarakta yana kaiwa bar 170, wasu har 200. Silinda mai faɗin baki milimita 50, wadda yaro zai iya saɓawa a kafaɗa, fuskar fistanta murabba'in santimita 20 ne ba kaɗan, saboda haka a bar 170 tana tura nauyin da ya kai kilo 3,400. Ta tifar da mai waldar ya ɗauko faɗin bakinta milimita 150 ne, ninki uku ke nan a faɗi, amma ninki tara a ƙarfi, wajen tan 30. Ya ɗaura giwa a turken akuya.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ɓoyuwa. Silindar a kwance ya sa ta ƙarƙashin akwatin, karkatarta ba ta wuce digiri 8 ba. Silinda tana tura abu ne ta inda ta fuskanta, in tana kwance kusan duk ƙarfinta gefe yake tafiya, ɗan kaɗan ne ke ɗagawa sama. A digiri 8 kashi ɗaya ne cikin bakwai ke ɗagawa. Domin ta ɗaga kilo 1,400 sai ta yi turin kusan tan 10, kuma kusan duk wannan turi a kan hinjin akwatin yake ƙarewa. Ƙusoshin hinjin kuwa da rodin gini aka yi su, na same su sun tanƙware kamar lauje. Daga nan akwatin ya je ya daki jikin firam kafin silindar ta gama miƙewa. Matsin mai yana hauhawa ne gwargwadon abin da ya tare shi, da ya rasa inda zai tura sai ya haura har ƙarshen ƙarfin famfo, ya nemi wuri mafi rauni ya fita. Wurin nan shi ne gwiwar bututun ruwa irin ta masu aikin famfo, wadda aka yi domin matsin da bai wuce bar 25 ba.

Ban yi masa lacca ba, domin na san inda lacca ke ƙarewa. Alli na nema, muka share dandamalin siminti, muka zana akwatin daga gefe daidai girmansa. Muka yanko kwali gwargwadon gefen akwatin, muka kafa masa ƙusa a inda hinji zai zauna, muka sami sanduna biyu, ɗaya tsawon silinda a rufe, ɗaya tsawonta a miƙe. Muka yi ta juya kwalin muna matsar da gindin silinda gaba da baya, sama da ƙasa, har muka sami wurin da take farawa a karkace da digiri 20, ta kuma gama miƙewa daidai lokacin da akwatin ya kai karkatar da muke so, ba tare da ya daki komai ba. A digiri 20 sulusin ƙarfinta ne ke ɗagawa, ƙaramar silindar nan ta milimita 50 tana ba da sama da kilo 1,100, ya ishe mu har da ragi. Karkatar juyewa kuwa mun kai ta digiri 55, domin busasshen yashi yana zubewa tun kafin digiri 40, amma ɗanyen taki da jiƙaƙƙiyar ƙasa maƙalewa suke yi sai an miƙar da akwati sosai. Wannan ya tilasta mana sayen silinda mai bututu biyu, mai turawa da jawowa, saboda akwatin da ya zubar da kayansa ya miƙe haka ba lallai nauyinsa ya dawo da shi ba. Kafin la'asar mai waldar ya karɓe allin daga hannuna, shi ke gyara mini zane. Ya hango cewa bututun zai gogi hannun tarakta na ƙasa in an ɗaga, abin da ni ban lura da shi ba.

Batun tayoyin gaba da suka tashi, da mai ga-ruwa na yi masa misali. Kafaɗarsa ita ce tayoyin baya na tarakta, garwar gaba ita ce injin, garwar baya ita ce akwatin. In ta baya ta fi nauyi, ko aka matsar da ita can ƙarshen sanda, ta gaba sama za ta yi. Akwatinmu faɗinsa mita ɗaya da rabi, tsawonsa mita ɗaya, zurfinsa rabin mita. Busasshen yashi cikinsa ya kai kilo 1,200, ɗanye ya fi haka, akwatin kansa da firam da silinda wajen kilo 200. Mu ƙaddara tarakta mai nauyin kilo 2,500, kilo 900 daga ciki a kan tayoyin gaba, tsakanin tayoyin gaba da na baya mita 2.2, tsakiyar kayan kuma tana mita 1.4 a bayan tayoyin baya. In ka ninka 1,400 da 1.4 ka raba da 2.2, za ka ga kayan sun ɗauke wa gaba kilo 890 cikin 900 ɗin nan tun tarakta tana tsaye a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Ina ga an zo hawan tudu? Ka'idar da masana suka tsayar ita ce kada abin da ke kan tayoyin gaba ya gaza kashi 20 cikin 100 na nauyin tarakta, in ba haka ba sitiyari ya zama ado. A wannan lissafi kayan da akwatin zai ɗauka lafiya ba su fi kilo 400 da 'yan kai ba. Busasshen taki, wanda bai kai rabin nauyin yashi ba, ana iya cika akwatin da shi. Yashi da marmara kuwa a'a.

Da na tambayi inda ƙarafan nauyin da ake ɗaura wa gaban tarakta suke, sai aka yi shiru, can wani ya tuna cewa an cire su tun shekarar da aka kawo ta, wai suna sa ta shan mai, suna nan jingine a wani zaure ana zama a kansu. Muka ɗauko muka mayar. Sa'an nan muka ja jan layi da fenti a cikin akwatin daidai rabinsa, muka rubuta a jiki da boko da ajami cewa yashi da ƙasa kada su wuce nan. Direbobi suna sauyawa, ƙungiya na sauya shugabanni, amma layin yana nan ga duk wanda ya ɗauki shebur.

Yanzu sai maganar yatsa, wadda ita ce ta fi hana ni barci. Man da ke fita ta ƙaramar huda a ƙarƙashin matsi yana huda fata kamar allura, matsin bar 7 ma ya isa, balle 170. Mugun abin shi ne ciwon ba ya nuna kansa. Ɗan tabo ne kamar cizon ƙwaro, da farko ba ya wani zafi, mutum ya goge da tsumma ya ci gaba da aiki. A ciki kuwa man ya bi jijiyoyi ya bazu har tafin hannu, cikin 'yan sa'o'i wurin ya kumbura, nama ya fara mutuwa, in aka yi jinkiri sai an yanke yatsa ko hannun ɗungurungum. Wanda wannan ya sama, kada a tsaya wurin mai kemis ko wanzami, a kai shi asibitin da ke da likitan fiɗa nan take, a kuma gaya wa likitan ƙarara cewa mai ne ya shiga da matsi, domin in ya dubi tabon kawai zai iya raina shi. Direban da ya buge hannun yaron ya taɓa aiki da masu gyaran hanya, ya ga irin haka da idonsa. Ba a neman yoyo da hannu, da guntun kwali ake bi. Ba a kwance ko da noti ɗaya sai an sauke kaya ƙasa, an kashe injin, an kaɗa liba gaba da baya matsin ya fita. Bututun kuma sai na haidurolik na ainihi, mai saƙar waya ninki biyu a ciki, wanda aka rubuta iyakar matsinsa a jiki, aka kuma matse masa baki da inji a wurin masu yi wa manyan motocin aikin hanya. Ɗaurin roba da waya da muke yi wa tiyon ban-ruwa ba ya aiki a nan.

Haka nan muka yi wa akwatin sandar tokari ta ƙarfe mai hinji, wadda ake kafawa duk lokacin da wani zai sa hannu ko kai a ƙarƙashinsa yana ɗage. Mai ne kaɗai ke riƙe da shi a sama, in bututu ya fashe ko yaro ya taɓa liba, faɗowarsa ba ta jiran mutum ya janye.

Waldar kanta ba ni na koya masa ba, sai dai mun yi gardama a kan wuri uku: kunnuwan da ke riƙe da silinda, hinji, da inda firam ke haɗuwa da hannuwan tarakta. A nan ne duk nauyi ke taruwa. Injin waldarsa naɗin gida ne, in wuta ta zo da rauni sai walda ta kwanta a saman ƙarfe ta yi kyau a ido ba tare da ta ratsa ciki ba. Muka yarda a fere bakin ƙarafan da giranda kafin a haɗa, a yi waldar ɗauri-ɗauri, a kuma yi hayar janareta mai ƙarfi na yini ɗaya domin waɗannan wurare. Ƙusoshin maƙalawa muka sayo na ainihi, masu kaurin milimita 28 na ƙasa da 25 na sama, kamar yadda taraktoci masu wannan girma ke ɗauka, tazararsu kuma daga jikin haron ƙungiyar muka auna. Na roƙe shi kada ya kusanci jikin silinda da wutar walda, domin zafi na ƙone robobin ciki, tartsatsi kuma na ɓata sandar mai sheƙi ta riƙa yaga roba duk shiga da fita.

Wani abin da ya ba shugabannin ƙungiyar tsoro shi ne da na gaya musu cewa a irin taraktarsu man giya shi ne man haidurolik, tukunya ɗaya suke sha. Silindar tifar da aka ɗauko daga bola, da tsatsarta da ƙasarta da tsohon man da ke cikinta, duk sun wanke kansu a cikin giyar taraktar. Bayan haka duk miƙewa ɗaya tana zuƙe kusan lita 9 daga tukunyar, ƙaramar kuwa ba ta kai lita ɗaya ba. Dole muka zubar da man gaba ɗaya muka wanke matata muka zuba sabo, kuɗin da ya kusa kai na silindar da aka yi gudun saya tun farko. Araha ba ta ado, in ji Hausawa.

Ba zan ɓoye iyakar wannan akwati ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin sufuri ya hau, man dizal kuwa tun kafin nan ya yi tsada, saboda haka tura tarakta tafiyar kilomita 10 da kilo 400 na taki asara ce. Amfaninsa a gajeren zango yake, tsakanin gari da gonakin kewaye, ko daga kududdufi zuwa wurin gini. Nesa ta tirela ce da tifa, kuma mai gona ɗaya da ke da shanun huɗa amalankensa ya fi masa sauƙi. Na kuma ji ƙorafin samarin da ke samun na cefane ta saukar da kaya, ƙorafi ne mai tushe, ko da yake lodin har yanzu da shebur ake yi, kuma yawan sawu ya ƙara musu aiki a wancan gefen.

Abin da ya fi damuna yana gidanmu ne. A bayan ɗakin ƙere-ƙere na kusan kowane sashen injiniyan noma da na taɓa ziyarta akwai maƙabartar injuna: na sussuka, na ɓarza, na shuka, kowanne aikin kammala digirin wani ɗalibi, an ba shi maki, ya tafi hidimar ƙasa, tsatsa ta gaji injin. Mu malamai ƙarin girmanmu yana rataye ne da maƙalun Turanci a mujallun da mai walda ba zai taɓa gani ba. Lissafin da na yi a sama bai wuce na ɗan aji biyu ba, ina koyar da shi duk shekara, ɗalibai su haddace su amayar a jarrabawa, yawancinsu ba su taɓa riƙe silinda ba. Mai waldar kuma ya riƙe ɗaruruwa, ba wanda ya taɓa gaya masa cewa ninka faɗi sau uku ninka ƙarfi ne sau tara. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da cibiyar injunan noma ta ƙasa da ke Ilori sun fitar da samfuran injuna masu amfani, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ma ta ƙulla alaƙa da masu sana'ar Panteka, abin a yaba ne. Irin wannan nake so ya sauko har rumfunan Ƙofar Ruwa a Kano da na ƙananan garuruwa, inda ainihin kayan aikin manoma ke fitowa. Me zai hana ɗalibin da aka tura koyon aiki na wata shida ya yi shi a rumfar mai walda, maimakon zaman gadin fayil a ofis? Me zai hana a ƙidaya wa malami zanen aiki da Hausa, wanda masu sana'a suka karɓa suka yi aiki da shi, a matsayin gudummawar ilimi?

Akwatin ya yi ranin bana yana aiki. Baffa ya ce takin da a da yake ɗaukar mako biyu yana kaiwa gonarsa ta bayan gari, a yini biyu aka kwashe, sun kuma cike ramin da ke hana motocin kasuwa shigowa da damina. Abu ɗaya na kasa shawo kansa: yara da mata masu dawowa daga gona suna shiga cikin akwatin a rage musu hanya, direba kuma yana jin kunyar hana su, alhali liba ɗaya ce tsakaninsu da ƙasa. Na sa an yi masa sakata da ke kulle shi da firam lokacin tafiya, na kuma gaya wa ƙungiyar cewa sakatar ba izinin ɗaukar mutane ba ce. Sun ce sun ji.

Mai waldar ya hana yaransa share zanen allin har ruwan farko ya wanke shi. A makon jiya ya kira ni, wai mutanen wani gari sun kawo masa aikin irin akwatin, amma tasu taraktar ƙarama ce 'yar Indiya, yana so in rubuta masa a takarda ɗaya, da Hausa, girman silinda da nauyin kaya na kowace irin tarakta, ya manna a bango. Na ce masa ya auno mini tazarar tayoyinta, ya kuma duba ko ƙarafan gabanta suna nan, ranar Asabar ina tafe.